Hannun Jika a Takardar Siminti

Bana kuɗi sun shigo gari, kowa a shagon kayan wasanni na Ejike da ke Tudun Wada nuna kaya kawai yake yi a naɗe masa. Wani dattijo ne kaɗai ba ya sauri. Dogo ne, kakinsa ya koɗe, ƙafar wandonsa ɗaya a ɗaure saboda sarƙar keke. Ya zaro yagin takardar buhun siminti ya shimfiɗa a kan teburi. An zana tafin hannun yaro a jiki da fensir.

"Safar hannu ta gola nake nema wa jikana," in ji shi.

Yana ɗora kowace safa a kan zanen, yatsa bisa yatsa, yana murza tafinta ya ji ko zai riƙe ƙwallo. Ejike ya lura ƙaramin yatsan dattijon na hagu a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Ko shakka babu wannan hannu ya tsare raga, ya sha tare jiƙaƙƙiyar ƙwallon fata ba safa ba komai.

"Baba, ɗauki babba mana," in ji Ejike. "Haka kowa ke saya wa yara, ya shekara uku yana sawa."

Dattijon ko kai bai ɗaga ba. Ya ware wadda ta zauna daidai kan layin fensir.

"Riga ake saya da girma," ya ce. "Ran Asabar za su buga wasa, kuma da hannunsa na yau zai tare."