Ƴar Bindigar Baba da Man Gyaɗar Inna

Ni ba mutumin bindiga ba ne. Ko kaza za a yanka a gidana, maƙwabci nake kira, in juya baya har a gama. Amma shekarar da aka ɗauke maƙwabcin gonata, sai da na yi kwana goma sha tara ina yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafina.

Gidana yana unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Gonata kuwa tana Jiratawa, can ƙarshen filin noman rani, inda magudanar ruwa take ƙarewa daji ya fara. Albasa da zogale nake yi, kuma baki tara ne ke ci daga wannan ƴar gona. Ruwan ban-ruwa rabo ne, kowane ɓangare da ranarsa. Namu Talata da Asabar. In ranarka ta wuce ba ka zo ba, babu mai jiranka, albasa ma ba ta jira.

Maƙwabcin gonar tawa mutum ne mai yawan barkwanci, kullum yana tsokanata wai ni manomin birni ne, mai zuwa gona da turare. Wata Asabar da hantsi wasu mutane suka zo bisa moto, wato babur, fuskokinsu naɗe da rawani, suka tafi da shi. Ni ran nan tayar motona ce ta fashe a hanya, na makara. Da na iso, butarsa na tarar da takalmi ƙafa ɗaya, ruwa yana ta malala cikin albasarsa babu mai tarewa.

Matata ta ce, “Malam, don Allah ka bar gonar ga.”

Na ce, “In bari mu ci mi?”

In na je ina tsoron a ɗauke ni, in na zauna albasa ta ƙone mu rasa na tuwo. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina wucewa. An ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ni abin da na tuna shi ne bindigar Baba.

Baba jandarma ne a zamaninsa, ya rasu shekara goma sha shida ke nan. Bayan ya ajiye aiki yana da wata ƴar bindiga tasa ta kansa, ba ta fi tafin hannu ba, da takardarta da sunansa. Takardar ta mutu tare da shi, bindigar ta zauna Tibiri a hannun Inna, mahaifiyata.

Kafin in shiga wurin Inna, na biya wurin wani aminin Baba, tsohon jandarma shi ma, da ke zama a zaurensa yana sauraren rediyo. Ban iya fitowa fili ba. Na ce wani abokina ne ke tambaya, ko irin ƙananan bindigogin nan na da suna da amfani yanzu ga mai son ɓoyewa a jiki. Tsohon ya rage muryar rediyo ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

“Ka hwaɗa ma abokin naka,” in ji shi, “zamaninmu ɓarawo shi kaɗai yaka zuwa, da sanda da wuƙa. Ya ji ƙara guda ya zubda takalma. Waɗanga su shida suka zuwa, kowa da babbar bindiga. Ƴar abar ga ba ta tsare shi, sai dai ta ba su hujja.”

Na yi godiya na tashi. Na ji maganar sarai, amma tsoro ya riga ya toshe mini kunne.

Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai ta ce, “Kai wanga, har abin ya kai haka?” Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta fito da wani ƙunshi na tsumma da ya yi baƙi da maiƙo.

Inna ƙuli-ƙuli take yi tun kafin a haife ni, kuma a wurinta babu ciwon da man gyaɗa ba ya warkarwa, na mutum ko na ƙarfe. Kowace shekara, gab da Babbar Salla, takan fito da kayan ƙarfen Baba: wuƙar yanka, almakashi, reza, da wannan bindiga. Takan shafe su da man da ta matse da hannunta. Ita bindigar har ɗiga mata take yi a duk wata kafa da ta gani, sai ta ƙoshi. Wannan ne zumuncin da ya rage tsakaninta da mijinta.

“Ƙarhe in bai sha mai ba, tsatsa ka cinye shi,” in ji ta. “Duba ka gani, ko ɗigon tsatsa babu.”

Gaskiyarta. Tana ta ƙyalli, tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na ji daɗi har zuciyata, na ce lallai an kula da ita. Harsasai shida ne cikin wani gwangwanin magani. Gwadawa kuwa babu hali. A ina zan harba? Ƙara ɗaya a Tibiri ko Maraɗi, kafin in maida numfashi an kewaye ni, ga shi ba ni da takarda. Na cusa harsasan da ƙyar yadda na taɓa ganin Baba yana yi, na bar sauran ga Allah.

Sai da na fara ɗaukarta na gane ƙanƙantarta ta ido ce kawai. Nauyi gare ta kamar dutsen guga. Na sa ta a aljihun kaftani, aljihun ya zazzago har makaho zai gane akwai abu. Telolin yanzu sun matse ɗinki, babu inda mutum zai ɓoye ko goro. Na soke ta a ƙugu, ta goge mini fata har ta yi ruwa. Baba babbar riga yake sawa, irin wadda za ka ɓoye ɗan akuya a ciki ba a sani ba. Ƙarshe dai rigar tasa na ɗauko, na ɗinka aljihu daga ciki, ita nake sawa zuwa gona. Mutanen Jiratawa suka samu abin dariya.

“Alhaji, ɗaurin aure za a yi cikin albasar?”

Nakan yi yaƙe in wuce. A shingen jandarma na bakin gari gumi yake wanke ni, alhali katin shaida kawai suke dubawa. A masallaci na koma ƙarshen sahu, jikin bango, don kada kafaɗar wani ta ji ƙarfe, kuma duk ruku’u hannuna ɗaya yana dafe da ƙirji. Na daina ɗaukar kowa a bayan motona, ni da ban taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba. Ƴar autata ta rugo ta rungume ni, na ture ta har ta faɗi. Wannan abu ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ɗauko bindiga don in daina tsoro, sai ga shi na ƙara tsoron hukuma da na jama’a a kan na ƴan daji.

Ranar ta goma sha tara Talata ce. Masu gonakin ƙarshe duk sun daina zuwa, ni kaɗai ne a wannan ɓangare. Rana ta take, ina tsaye cikin laka har idon sawu ina juya ruwa, sai na ji ƙarar moto daga kudu, ta wajen daji.

Mutum ɗaya ne. Fuskarsa naɗe da rawani, ido kawai ake gani. A bayansa ya rataya wani dogon abu naɗe cikin buhu. Ya tsaya a bakin gonata, ya kashe moton, ya nufo ni bai yi sallama ba tukuna. Na duba gabas da yamma babu kowa. Ko addu’a ta ƙi zuwa. Abin da nake gani kawai takalmin nan ƙafa ɗaya da buta.

Saura taku kamar goma, sai ya kai hannu baya wajen buhun.

Hannuna yana cikin riga tun da na ji moton. Ban fito da ita ba. Daga ƙarƙashin rigar na saita cikinsa na ja kunamar. Ba kuskure ba ne, ba kuma tsautsayi ba, da niyya na ja. Ta ɗan motsa, laushi-laushi, kamar ka danna yatsa cikin tuwon jiya, ta tsaya. Na sake ja da dukan ƙarfina. Shiru.

Mutumin ya sauke buhun, ya ja rawanin ƙasa, ya ce, “Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam.”

Ƙanen maƙwabcina da aka ɗauke ne. Sau biyu na taɓa ganinsa. Ƙurar hanya ce ta sa ya rufe fuska, abin da ke cikin buhu kuma shebur ne da hauya.

“Har yanzu ba mu ji labarin Yaya ba,” in ji shi. “Nac ce bari in riƙa ba albasa tai ruwa, in Allah ya maido shi ya iske ta da rai. Ka gwada mini bakin ruwa nai.”

Ya matso ya dube ni.

“Subhanallahi, lahiya? Rawar ɗari kaka yi da rana tsaka.”

Na ce masassara ce. Ya kama hannuna, wannan hannun dai, ya fitar da ni daga laka ya zaunar da ni a inuwar zogale. Ya ba gonar wansa ruwa, ya juyo ya ba tawa, kunya bayan kunya, har ya gama. Ina zaune ina kallon bayansa hawaye suna zuba, shi yana zaton zazzaɓi ne ya yi tsanani.

Washegari na tafi Tibiri. Wannan karon ban ce wani abokina ba, ajiye bindigar na yi gaban tsohon jandarman na faɗa masa komai. Ya daɗe yana fama kafin ta buɗu. Cikinta man gyaɗar shekara goma sha shida ya daskare ya zama danƙo, ya riƙe komai gam.

“Wa ya yi wanga aiki?”

“Inna.”

Ya fara dariya, sai kuma ya dube ni. Can ya ce, “In kana so in wanke ma ita. Wataƙila ta tashi.”

Na ce a’a, Baba, a bar ta yadda take. Ya kwashe harsasan ya zuba a aljihunsa, ban tambaye shi ba.

Inna tana tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli na miƙa mata ƙunshin. Ta ce, “Ta yi maka amfani?” Na ce ta yi, Inna, fiye da yadda kike zato. Ta warware tsumman ta juya bindigar a hannu, ta ɓata rai.

“Kai wanga, sati ukku kawai ka bar ta ta bushe haka? Miƙo mini kwalbar can.”

Ni na riƙe mata kwalbar tana ɗigawa, har na ce ta ƙara.

Ranar Asabar na koma gona da kaftanina da hauya. Ba zan yi ƙarya ba, tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Har yau in na ji moto daga kudu sai na ajiye hauya na duba, kuma maƙwabcina bai dawo ba. Ƙanen nasa ya riga ni zuwa, yana tsaye cikin albasar wansa. Da ya hango ni sai ya ajiye shebur ya taho da fara’a, ya miƙo mini hannu biyu.

“Malam, ya jiki?”

Na ce da sauƙi.