Fangalin da Ya Ƙi Tsirowa

Ni ɗan Kwargaba ne, ta ƙasar Wurno. Ubana manomin gero ne, ni kuwa tun ina saurayi bakina ya fi hannuna aiki. Da ruwan dam ɗin Goronyo ya sa kowa ya koma noman rani, sai na kama sayar da irin albasa kasuwa-kasuwa.

Irin albasa idan ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi, ido kuma ba ya ganewa. Wata shekara iri ya yi mini kwantai, na zuba kaɗan cikin sabo, ba wanda ya ce uffan. Daga nan na riƙa bin matacce ina saye da arha, in murza masa mai ya yi sheƙi, in rantse da Allah na bana ne. Kafin mutum ya gane, na bar Goronyo ina Rabah. Shekara huɗu ina haka, har manoman Boyekai suka ritsa ni. Alƙali ya ba ni shekara uku.

A gidan yari akwai wani dattijo, Malam Sahabi, mai zuwa duk Alhamis yana karantar da mu, ran Lahadi kuma fasto ya zo wa Kiristoci. Su biyun suka roƙi a ba mu ɗan fili mu yi lambu. Ban yarda da ko ɗayansu ba. Wa ke baro gidansa ya zo wurin ɓarayi kyauta? Na ce ko dai ’yan leƙen asiri ne, ko akwai abin da suke samu. Amma da na ji takardar Malam tana taimakon mutum idan za a yi afuwa, sai ga ni a sahun gaba, ina jan carbi da ƙarfi don a ji. Uwata na kwance ba lafiya, ina son in tarar da ita da rai.

Ranar rabon irin albasa na lambun, Malam ya ba kowa nasa daga buhu, ni kuwa ya kwance wani tsohon ƙulli daban.

“Baba Malam, don mi nawa yab bambanta?”

“Kai masani na. Rene shi mu gani.”

Na ce shi ke nan, takardata tana cikin fangalin nan. Na yayyafa iri, na rufe da ciyawa, ina ban ruwa safe da yamma. Bayan kwana goma na kowa ya yi kore, nawa ƙasa zalla. Na zargi mai fangalin kusa da nawa da zuba gishiri, har muka ba hammata iska. Na zargi ɗaliban fasto. Kullum da safe sai in durƙusa ina tonon ƙasa da farce. Abinci ma ya daina shiga.

A kwana na ashirin Malam ya tarar da ni a durƙushe.

“Baba Malam, wani ya cuce ni. Irin ga matacce na.”

“Irinka na,” in ji shi. “Hannunka nis saye shi, kasuwar Goronyo. Har ka rantse min. Kwana ashirin ni ma niy yi ina duƙe hakan ga, ina zargin maƙwabtana. Kahin in farga, lokacin dashe ya wuce. Shekarar nan ko geron ci sai da anka taimake mu da shi.”

Na kasa ɗaga kai. Alƙali ya ɗaure ni ban ji kunya ba, ranar nan na ji ta har ƙashina. Duk da haka halin bai sake ni ba, na ce, “To ramuwa ta? Ba takarda ke nan?”

“Takardarka na miƙa ta tun ran da nib ba ka irin.”

Wallahi ban yarda ba sai da aka buɗe mini ƙofa bayan wata biyar. Na tarar da uwata da rai, ta yi mini addu’a. Da kaina na koma ajin Malam ta wajen gidansa, na faro daga alwala, wannan karon ba don a gan ni ba.

Samari, kada ku raina ɗan ha’incin farko, da cokali ɗaya na fara. Yanzu duk mai sayen iri a wurina nakan ba shi kaɗan ya jiƙa a tsumma, in ya tsiro ya dawo. Wasu har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni na koya musu rashin yarda.