Agogon da Na Karɓa da Hannun Hajiya

Shekara biyu bayan an ba mu jiharmu ta Zamfara na samu aikin buga tafireta a wata kwaleji a Gusau. Daga sakandare na fito, sai 'yan watanni da na yi ina koyon bugu a wani shago. Aikin gwaji aka ba ni na shekara guda: in hannuna ya yi kyau a tabbatar da ni, in bai yi ba in koma garinmu Tsafe. Mahaifina ya riga ya gaya wa duk unguwarmu cewa ɗiyarsa ta zama ma'aikaciyar gwamnati.

Mu huɗu ne a ɗakin bugu. Babbarmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, wadda ta daɗe tana aikin nan tun a Sakkwato. Kullum daga Bungudu take zuwa a motar haya, kuma ba ta taɓa makara ba. Shekarar ce ta ƙarshe gare ta kafin ta yi ritaya.

Ƙa'idar ofis ita ce duk wadda ta buga wasiƙa ta sa haruffan farkon sunanta ƙanana a can ƙasa, gefen hagu, don in an ga kuskure a san wadda za a kira. Ni kuwa kuskure ne abincina. Da na ji takun magatakarda, wato shugaban ofishinmu, sai yatsuna su ruɗe. In goge da farin ruwa, in sake bugawa, in kankare da reza har takardar ta huje.

Wata rana Hajiya ta ɗaga wasiƙata ta duba ta a hasken taga.

"Ke ɗiyag ga, wasiƙa ce ko rariya?"

Sauran suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zura sabuwar takarda da kabon a keken bugunta, kafin in share hawaye ta gama. Da ta miƙo mini, sai na ga haruffana a ƙasa, ba nata ba.

"Kai masa. Kuma ki bar wagga rawar jiki, ba ya cin mutane."

Daga ranar abin ya zama jiki. Duk wasiƙar da ta fi ƙarfina sai in tura ta gefen teburinta, ita kuma ta buga ta sa haruffana. Na ce a raina kafin shekara ta zagayo zan ƙware. Amma wanda ake goyo ba ya sanin nisan hanya.

Gab da ƙarshen shekara kwalejin ta ce za ta karrama ma'aikatan da suka yi fice, daga malamai har direbobi da masu shara. A ɓangarenmu kwamiti bai tambayi kowa ba. Fayiloli suka kwasa, suka bi wasiƙun shekarar suna duba masu tsabta, suna duba haruffan da ke ƙasansu. Hajiya kuwa galibi doguwar takardar jarrabawa take bugawa, wadda ba a sa mata haruffan kowa.

Ranar bikin ina zaune kusa da ita a babban zaure. Ta sha sabon leshi. Kowa a ɗakinmu ya san ita za a kira. Sai na ji sunana a lasifika.

Ban tashi ba. Aka sake kira. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Hajiya ta dungure ni da gwiwar hannu.

"Tashi mana, ko sai an kawo miki jaki?"

Na tashi. Daga kujerata zuwa gaban shugaban kwaleji akwai lokacin da zan iya buɗe baki in ce ba ni ba ce. Na yi tunanin haka, wallahi na yi. Sai na tuna tashar motar Tsafe, da ni da akwatina, da fuskar mahaifina. Na sa hannu biyu na karɓi agogon bango da takardar yabo. Daga bayana na ji guɗa. Ko ban waiwaya ba na san muryar Hajiya ce.

Ranar Asabar na naɗe agogon a zane na shiga motar Bungudu. Na same ta a tsakar gida tana sheƙar gero. Na durƙusa na ajiye shi a gabanta.

"Mi ne ne wanga?"

"Hajiya, naki ne."

"Ina da agogo. Zakaran maƙwabta ma bai taɓa tsayawa ba." Ta ci gaba da sheƙarta. "Ɗauki ki kai wa babanki. Ni na sa haruffan nan, ba ke ba. Na so in rufa miki asiri ne, sai na rufe har da hannunki. Wannan laifina ne. Naki laifin kuma ke kika san shi."

Na kai agogon Tsafe. Mahaifina ya kafa ƙusa a zaure ya rataye shi inda duk mai shigowa zai gani.

Bayan Hajiya ta ajiye aiki, magatakarda ya sa aka ɗauko kekena aka kai ofishinsa. Ya ce gwanar bugu ai kusa da shi ya kamata ta zauna. Wasiƙar farko da ya ba ni layi goma sha biyu ce. Yana zaune yana jin kowane bugu. Sau uku ina cire takarda. Ta huɗun na miƙa masa da ɗigon farin ruwa har biyar a jikinta.

Ya daɗe yana kallonta. Ya jawo wani tsohon fayil ya buɗe, ya ajiye su gefe da gefe. Sannan ya cire tabarau.

"Malama, Hajiya ta tafi da hannunki Bungudu ke nan?"

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Na roƙe shi kada abin ya taɓa Hajiya. Na ce zan dawo da agogon.

"A dawo da shi a ce wa jama'a me? Mu da muka karrama takarda ba mu dubi mutum ba?" Ya rufe fayil ɗin. "Ki koma ɗakin bugu. Na ƙara miki wata shida na gwaji. Kowace wasiƙa taki ni zan duba ta da kaina."

Da kaina na ɗauki keken na ratsa baranda da shi, sauran 'yan ɗakin suna kallona.

Yau wata biyu ke nan. Har yanzu nakan yi kuskure in na ji takunsa, amma jiya ya sa hannu a wasiƙata bai maido ta ba. Ranar Juma'a na je gida na tarar da mahaifina a zaure da baƙi daga Bilbis, yana nuna musu agogon. Na gaishe su na wuce ciki da sauri. Ban gaya masa ba tukuna.