Ragon Sunan da Kofur Bawa Ya Binne

Duk wanda ya zauna a Makera shekarun da aka fara gina masaƙar Kakuri ya san ba a miƙa wa marigayi Kofur Bawa hannu a tsira. Kana miƙawa zai fizgo ka, ya ɗora goshinsa a naka, ya manna hancinsa a hancinka, ya lumshe ido ya ja numfashi. Wai haka mutanen kirki ke gaisawa a Niyu Zilan. Ni da muka yi gadin ƙofa ɗaya da shi a masaƙar, babu irin murar da ban kwasa ba. Masu wayo kuwa da sun hango shi sai su tsuguna suna gyaran takalmi har ya wuce.

Saboda waɗanda ba su yi boko ba bari in yi bayani, don ni na yi, har aji biyu na elemantare, kafin malaminmu ya ba mahaifina shawarar a daina ɓarnar alli. Niyu Zilan ƙasa ce can gindin duniya, manyan tsibirai biyu a tsakiyar teku. Kuma gara in faɗa tun yanzu, Kofur bai taɓa taka ta ba. Lokacin yaƙin Hitila aka kai su Masar suna sauke kaya daga motocin soja, kusa da sansanin wasu sojoji da ake kira Maori, 'yan asalin ƙasar tun kafin Turawa su je. Nan ya yi aboki, wani mai suna Hemi. Ranar da mota ta kife da Kofur a cikin rairayi, Hemin nan ne ya goya shi har asibiti. Daga baya aka kwashe su Hemi zuwa Italiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Labaran da ya ba Kofur su ne suka rage, shi kuwa ya riƙe su kamar gadon uba.

Mu muka sha su. Ya ce a can tumaki sun fi mutane yawa, ƙasa kuma tana tafasa da kanta, mata su zura kwandon abinci a rami su ciro shi dafaffe. Ya ce lokacin da muke sallar magariba su har sun shiga asubahin gobe. Na ce to ya tambayo mana su farashin gero na goben, mu san abin yi. Ya ce jahilci ma baiwa ne.

Wata rana wani gardi ya baza macizansa a bakin tashar jirgin ƙasa, Kofur ya kutsa cikin taro ya sanar da shi cewa a Niyu Zilan babu maciji ko ɗaya. Gardin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya kiyashe mu zama a ƙasar da babu sana'a."

Sai maganar tsuntsun nan kiwi, wanda ba ya tashi, hancinsa a ƙarshen baki, kiwonsa da dare. Macen ta saka ƙwai ƙato kamar ya fi ƙarfinta, namijin ya hau ya kwanta a kai. Mai shayin ƙofar masaƙa ya yarda da duk sauran, amma da aka zo kan namijin sai ya ajiye ludayi ya ce ashe mijin-ta-ce har a tsuntsaye akwai.

Wadda ta fi kowa shan wannan karatu ita ce matarsa Asabe. Sun daɗe ba haihuwa, sai Allah ya ba su ɗa namiji. Murna ta hau kan Kofur, ya ce ragon suna ba za a banƙare shi a jikin wuta kamar na kowa ba, dafuwar Maori za a yi masa: a haƙa rami, a gasa duwatsu su yi ja, a jera nama da dankali a kai, a rufe da ganye da jiƙaƙƙen buhu, a mayar da ƙasa.

Asabe tana ɗaki tana jego, ta aiko a kira shi, ni ma ta ce in tsaya a bakin ƙofa in zama shaida. Ta ce 'yan uwanta za su taso tun daga Zariya, ga ungozoma da wanzami kowa na jiran kasonsa.

"Kofur, in naman nan ya dahu, ka yi ta labarinka har Mahadi ya bayyana. In bai dahu ba, kada in sake jin sunan ƙasar nan a bakinka."

Ya ce ya yarda, soja ba ya magana biyu.

Da aka raɗa suna aka yanka rago, muka tara wuta a kan duwatsun da muka kwaso daga kogin Kaduna. Ashe dutsen da ya kwana cikin ruwa ba ya shiri da wuta. Sai muka ji tau, tau, kamar an dawo da yaƙin. Wani gutsuren dutse ya tashi ya fizge wa liman hula, maroƙi ya bar kirari a tsakiya ya haura katanga da rigarsa. Kofur kaɗai ya tsaya ƙyam, yana cewa a kwantar da hankali, ya ga abin da ya fi wannan. Ɗan abin da ya rage na duwatsun ya tura rami, muka jera nama, muka rufe.

Muka zauna muka kewaye tulin ƙasa, yunwa ta hana kowa magana. Wani dattijo mai wucewa ya leƙo ta zaure, ya ga sabuwar ƙasa da maza sun yi jugum, ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya ce, "Ya haƙuri? Yaro ne ko babba?" Na ce rago ne. Ya tashi ya fita bai ko waiwayo ba.

Bayan la'asar aka tone. Dankalin dai ya yi ɗumi. Naman kuwa, da an kira likitan dabbobi ina jin da ya tashe shi. Mata suka kwashe suka wanke ƙasar, suka ɗora tukwane, mutanen Zariya suka ci a tsaitsaye suka ruga kada jirgi ya bar su.

Kofur ya cika alkawari. Damina ta zo ta wuce bai ambaci ƙasar ba, a gida ko a waje. Yakan zauna a bakin ƙofar masaƙa ya ƙura wa layin dogo ido. Wani lokaci ya buɗe baki ya ce, "Ai a can..." sai ya haɗiye. Har ramewa ya yi. Mu da muke tsokanarsa muka rasa abin yi da bakunanmu, shayin ma ya daina daɗi.

Ran nan na raka shi gida, Asabe ta kawo mana tuwo, yaron na goye a bayanta. Ta ajiye, ta tsaya tana gyara zani ba ta dubi kowa ba.

"Wai su mutanen abokin nan naka, in an yi musu haihuwa, ya suke yi da mabiyiya?"

Kofur ya dube ni, ni shaida. Na ce tambaya aka yi, amsa ba saɓa alkawari ba ce. Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya ce binne ta suke yi a ƙasar kakanninsu, don duk inda yaro ya je a duniya ya san inda zai komo.

Asabe ta ɗan jijjiga goyonta. Ta ce, "Ashe mutane ne. To, ci gaba, amma kada ka sake taɓa mini rago."

Tuwon nan sai da ya sandare Kofur bai kai aya ba.

Allah ya jiƙan Kofur Bawa, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya ba Asabe da ɗansu haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka yi ta yi masa dariya, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani.