Furannin Depite

Nono ɗaya muka sha da shi. Uwarsa ta rasu yana jariri, Inna ta haɗa mu ta shayar, Baba kuma ya kai mu lakwal ɗaya, makarantar boko, a bayan kekensa. Ni na ƙare a tuƙin mota, shi ya zama kansila, daga nan depite, wato ɗan majalisa. Da kujerar majalisa ta kuɓuce masa, sai aka ba shi darakta a wata ma'aikata. Irinsu ba sa faɗuwa, buro, wato ofis, kawai suke sauyawa.

Duk zaɓen da ya tsaya, unguwarmu Zango ce ta ɗauke shi a ka. Baba ya bi shagunan 'yan Nijar ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Ɗana ne, ku taimaka.” Malamai suka yi masa saukar Alƙur'ani. Ni na zaga da shi unguwannin Pissy da Tampouy har motata ta fara tari. Da ya ci, sai ziyara ta koma ta Sallah, daga baya ta koma gaisuwar waya.

Baba bai taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya ya roƙa da ciwo ya kwantar da shi: in ya cika, babban ɗansa ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Ya girme ni da 'yan watanni, don haka shi ake nufi. Na kira na faɗa masa, ya ce, “Insha Allahu, wannan ai dole ne.”

Da safe Baba ya rasu. A wurinmu ba a ajiye gawa, ana wanka ake sallah a tafi. Amma muka ajiye Baba a zaure cikin zafin nan, muna jiran darakta. Aka yi azahar, liman yana ta kallona. Sakatariyar darakta ta ce yana reniyo, wato taro, da minista. Har yau in na tuna yadda dattawa suka zauna a rana saboda shi, raina ɓaci yake.

Bayan la'asar liman ya ce, “Ɗana, mun shiga haƙƙin mamaci. Ku ɗauka.”

Muna bakin kabari sai ga motar gwamnati. Mutane suka buɗe hanya. Direba ne ya fito shi kaɗai, rungume da wani ƙaton zoben furanni irin na jana'izar Nasara, da ƙyalle mai rubutun Faransanci. Ya rasa inda zai ajiye, mu ma mun rasa. Ni na sauka na karɓi Baba.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka ina shiga gida Inna ta riƙe hannuna.

“Yayanka ya iso? Shi ya karɓe shi?”

“A'a, Inna. Furanni ya aiko.”

 Sai ta ce, “Kai nake cirewa daga nono kana kuka in ba shi, don kada a ce na bambanta maraya. Ka yafe mini.”