Lafiya Lau Da Na Faɗa A Bakin Titi Ta Ci Mini Hannu

Ni mahauci ne a Kasuwar Shanu, nan Maiduguri. Ko kuma in ce a da, don yanzu sai dai in zauna ina nuna wa wasu inda za su sa wuƙa. Lokacin da abin ya faru shekarata arba'in da 'yan kai, ƙarfina ya kawo, ni kaɗai nake feɗe sa in sassara shi kafin rana ta take. Ina da wani hali da nake taƙama da shi: ban iya faɗin ciwo ba. Ko wuƙa ta yanke ni sai in ɗaure da tsumma in ci gaba da aiki, ina ganin jarumta ke nan. Na rubuto muku ne don ku buga, ko wani mai taurin kai irin nawa zai karanta.

Wata Talata da hantsi na shiga keke napep zan kai nama wani gida a GRA. Muna cikin tafiya wata mota ta fito daga kwana ba ko oda, ta daki gefenmu, keken ya kife. Na faɗi a kan hannuna na dama, daron naman ya danne shi. Nan take jama'a suka taru, aka tayar da ni. Mai motar, wani dattijo mai babbar riga, ya dafa kafaɗata ya tambaye ni ko lafiya. Bakina ya riga hankalina, na ce kalewa, wato lafiya lau, kamar yadda kowa yake amsawa a garin nan ko daga makabarta ya dawo. Ni gaisuwa na amsa, su kuwa suka ɗauke ta tamkar shaidar likita. Wannan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wancan ya ce abin ya zo da sauƙi. Da dattijon ya yi zancen asibiti can ƙasa-ƙasa, mutane suka ce ai mai jiki da kansa ya ce lafiyarsa ƙalau, mai mota ya yi tafiyarsa kada a tare hanya. Bai jira an maimaita ba. Ba wanda ya ɗauki lambar motarsa, amma har mutum uku suka duƙa suna tsince naman daga titi suna kakkaɓe masa yashi. Wallahi har yau in na tuna an fi kula da naman sa fiye da hannun mutum, sai zuciyata ta tafasa.

Kafin azahar hannun ya kumbura suntum. Maiɗakina ta ce mu tafi asibiti. Wani babba a cikin abokan sana'ata da ya zo duba ni ya ce kul, asibiti yanke hannu suke yi, akwai wani mai ɗori da ya gada tun kaka da kakanni. Na bi maganarsa na bar ta matata. Mai ɗorin ya ja hannun har na ga taurari da rana, ya jera kara, ya tamke da igiya, ya yi tofi, ya ce kada a kuskura a kwance sai bayan mako biyu.

Washegari yatsuna suka yi sanyi, suka fara mutuwa, ga zogi kamar an sa hannun a murhu. Masu zuwa dubiya suna tambayata ya jiki, ina cewa da sauƙi. A rana ta uku na koma wurin mai ɗorin na faɗa masa gaskiya. Ko taɓa yatsun bai yi ba, ya yi dariya ya ce ƙashi ne yake kamawa, kuma bai taɓa ganin mahauci mai raki ba sai ni. Wannan maganar ce ta ƙara rufe mini baki kwana biyu. A rana ta biyar maiɗakina ta ɗauki mayafinta ta ce ko in tashi mu tafi, ko ta kira yayana a ɗauke ni ta ƙarfi.

A asibiti aka yanke igiyar, aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta ce karayar ba wata mai wuya ba ce, da na zo a ranar da filasta kawai za a sa in warke. Ɗaurin ne ya tare jini har naman hannun ya mutu. Ba sai ta yi mini dogon bayani ba, na san mataccen nama in na gan shi. An yi mini aiki har sau biyu, hannun ya tsira daga yankewa, amma yatsun sun ƙanƙance sun nannaɗe, ko cokali ba sa riƙewa.

Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana ni jin haushi ba. Ina jin haushin dattijon da ya ga mutum yana riƙe da hannu yana gumi ya ja motarsa ya tafi. Ina jin haushin masu sasanci da suka yi sauri su rufe magana a kan jikin da ba nasu ba, da mai ɗorin da ya mai da kukana abin dariya. Wanda na fi jin haushi kuwa ni ne.

Don haka ɗan'uwa, in hatsari ya same ka, kada ka amsa tambaya da gaisuwa. Jiki da zafinsa ba ya faɗin gaskiya. Ka ce ba ka sani ba, a kai ka asibiti, a ɗauki lambar motar kafin ta motsa. A ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja maka hannu ko ƙafa. In an yi maka ɗauri ka ji yatsunka sun yi sanyi ko sun mutu, a kwance nan take a garzaya da kai. Ku kuma masu taruwa, ku daina tambayar wanda ya faɗi ko lafiya, ku ɗauke shi kawai.

Bana da Babbar Sallah na sayi ragona na layya, na wasa wuƙa da hagu, sannan na tsaya a ƙofar gida ina jiran maƙwabcina tela ya gama nasa ya zo ya yanka mini.