Wuri Arba'in da Bakwai da Na Gyara wa Argiris

A shekarar 1996 na fara sanin Argiris Tsolakis, wata Talata, a shagona da ke bayan kasuwar kifi ta Salonika, a ƙasar Girka. Sana'ata rubuta wa makaɗa kiɗansu a takarda, da hannu, yadda malamanmu na makarantar mishan suka koya mana, Allah ya jiƙansu: layi a miƙe, babu gogewa.

Shi kuwa saksofon, wata irin algaitar Turawa, yake busawa a gidajen biki. Ya kawo mini kaset na busarsa in rubuta a takarda, ya ce faifansa na farko zai yi, kiɗan jaz haɗe da waƙoƙin makoki na ƙauyen kakarsa. Yini ɗaya tak ya samu a ɗakin ɗaukar sauti, kuma makaɗa huɗu abin da na rubuta za su bi.

Sau uku na saurara. Busarsa tana yawan sauka tsakanin sauti da sauti, inda ko fiyano ba ta da maɓalli. Na ɗauka gajiya ce. Na miƙar da sautukan duka a rubutuna, wuri arba'in da bakwai, ban gaya masa ba don kada ya ji kunya.

Ranar ɗauka, suna farawa ya cire saksofon daga baki.

"Kawu Nikiforos, ina kukan kakata?"

"Wane kuka kuma? Kurakurai na tarar, na share."

Fotis mai ganga ya fashe da dariya. "Argiris, tsohon nan guga ya yi wa kakarka!"

Babu lokacin sake rubutu. Argiris ya daɗe yana duban takardun, sannan ya ce su bi su yadda suke, shi zai busa nasa a karkace a kansu. Ni dai abin da na ji, kamar mutum biyu suna gardama a bakin kabari. Na koma gida, ko abincin rana ban iya ci ba.

Bayan wata biyar faifan ya fito. Wasu suka yaba, wasu suka ce ya ɓata jaz, ni kuwa ban fahimci kowane ɓangare ba. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Wata safiya na tarar an zuro faifai ɗaya ta ƙarƙashin ƙofa. A bayansa, da ƙananan haruffa: "Tsarin kiɗa: Argiris Tsolakis da Nikiforos Dellis."

Shekara arba'in ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa sa sunana. Har yau ban tabbatar ko godiya ce ko tuhuma ba. Sunan dai an rubuta shi daidai.